Matar Da Ta Jera Takalman Yayana

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu daga Busan, kuma har yanzu idan na ga takalmi a jere tsaf a bakin ƙofa sai in tsaya cak ina kallonsu. Umma ta ce zai wuce. Kafin ya wuce ina so in rubuta abin da na sani game da Inna Malsun, domin ita ce ta jefa ni cikin tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, ita ce kuma ta tsamo ni.

Sunanta Pyo Malsun, shekarunta sittin da takwas. Ba 'yar uwarmu ba ce, amma duk wanda ya zauna a ƙarƙashin laimarta Inna yake ce mata. Tana ba da hayar laima da tayar iska ta shiga ruwa a ƙarshen gaɓar tekun Songjong da ke Busan, can inda yashi ya ƙare duwatsu suka fara. Gajeriya ce, rana ta dafa ta, tana sanye da hula mai faɗin baki da tawul a wuya. Idan tana magana sai ka ɗauka faɗa take yi, kamar yadda mutanen Busan suke. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ta kallon fuskar mutum idan ya zo. Ƙafarsa take kallo.

Mu uku muka je: ni, Umma, da Yaya Gyuwon. Abba ya tsaya gadin shagonmu a Daejon. Yaya ya shekara huɗu a wani ɗan ɗaki a Seoul, wanda idan ya miƙe hannu zai taɓa bango biyu, yana karatun jarrabawar shiga aikin gwamnati. A bana ya faɗi karo na huɗu. Ya dawo gida da jaka ɗaya da kwali uku na littattafai, ya shiga ɗaki ya rufe. Ba ya faɗa, ba ya kuka. Idan aka ba shi abinci ya ci, idan aka tambaye shi ya ce lafiya lau. Duk shekarun nan huɗu Umma ba ta dafa miyar ganyen teku a gidanmu ba, ko ranar haihuwar wani da aka saba dafa ta, don kada santsinta ya sa ya zame a jarrabawa. Da ya dawo ma ba ta dafa ba, saboda a wurinta akwai karo na biyar.

Ita ta yanke shawarar mu je bakin teku a Busan a makon farko na Agusta, lokacin da kowa ke hutu. A jirgin ƙasa, da Yaya ya tashi zuwa banɗaki, ta kama hannuna ta ce, "Sulgi, kada idonki ya bar kansa." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba. Na gama jami'a a watan Fabrairu, na aika takardar neman aiki wuri talatin da ɗaya, kuma ban cika iya barci ba ni kaina. Amma na ce to.

Mun isa gaɓar da hantsi, ta riga ta cika. Laima kan laima har ba ka ganin yashi, yara na ihu, masu kawo soyayyar kaza na ratsa mutane suna kiran lambar laima. Mun yi ta tafiya har ƙarshe kafin mu sami wuri. Inna Malsun ta karɓi kuɗin haya, won dubu goma, ta caka mana laima da ƙarfin da ban zata tana da shi ba, ta shimfiɗa tabarma. Sannan ta dubi takalmina ta ce dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, wai ina tafiya kamar wadda ake bi a baya. Ta dubi na Umma ta ce wannan mai tsayuwa ce a shago tun safe har dare. Ta dubi farin kambas ɗin Yaya, wanda igiyarsa ke ja a ƙasa. Ta ce masa kawai yashin nan yana ƙuna, kada ya taka shi da ƙafa tsirara.

Kafin azahar ita da Umma sun zama kamar sun shekara da sanin juna. Ta sayo dafaffiyar masara a wurin Baba Gwak, wani dattijo mai tukunya a kan keke da ke kusa da ita, ta zauna a gefen tabarmarmu tana ci tana ba da labarin kanta, idonta kuma yana kan ruwa. A wani tsibiri na kudu aka haife ta, ita ce mace ta shida a gidan da ake jiran namiji. Tana da shekara goma sha shida ta zo Busan ta shiga masana'antar takalmi, tana shafa gam a tafin takalmin roba daga safe har yamma, har ƙamshin gam ɗin ya hana ta jin ɗanɗanon abinci. Shekara ashirin da ɗaya ta yi a can. Da masana'antun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ta koma wani gidan cin kifi inda ake zama a ƙasa. Aikinta a bakin ƙofa yake. Baƙi su tuɓe takalma su watsar su shiga, ita kuma ta bi da dogon awartaki ta haɗa kowane da ɗan'uwansa, ta juya su yadda mai fitowa zai zura ƙafa kawai ya wuce. Ta ce a daren biki takan jera ƙafa ɗari biyu, kuma ba ta taɓa ba wani takalmin wani ba. Shekara goma sha tara ta yi tana wannan aikin. Daga baya gidan ya sayo tebur da kujeru, mutane suka daina tuɓewa, aka ce mata an gode. Mijinta ya riga ya rasu, ɗanta yana aiki a tashar ƙera jiragen ruwa, sai ta kama laima da rani, da sanyi kuma tana taya wata ƙawarta shanya ganyen teku a Gijang, can gaba da gaɓar.

Baba Gwak ya tsoma baki daga inda yake, ya ce wa Umma ta yi hankali, matar nan ko a jana'izarta sai ta tashi ta jera takalman masu gaisuwa. Inna ta ce masa ya kula da masararsa da ta fi haƙoransa tsufa. Umma ta yi dariya, karo na farko a cikin wata guda. Yaya yana zaune a bayanmu, ya haɗa kai da gwiwa.

Ga inda na yi nawa kuskuren. Wajen ƙarfe biyu Umma ta gyangyaɗa, Inna ta tashi ta koma aikinta, wayata kuma ta yi ƙara. Saƙo ne daga wani kamfani da na yi ganawa da su. Na buɗe, na karanta cewa sun yi baƙin cikin sanar da ni, na sake karantawa, na shiga duba wasu guraben. Ina jin minti goma ne, wataƙila ashirin. Da na ɗago babu Yaya. Wayarsa da walat ɗinsa suna ƙarƙashin tawul, rigarsa tana kai.

Ban tashi Umma ba. Na ce wa kaina banɗaki ya je. Na duba layin banɗaki, na duba wurin wanka, na duba shagon da ake sayar da taliya a kofin takarda. Na dawo ta bakin ruwa ina leƙa fuskokin mutane, duk wanda ke cikin ruwa da rawayar taya a ƙugunsa, duk kamarsu ɗaya. Daga nan na nufi duwatsun.

A kan wani faffaɗan dutse da ruwa ke lasar gindinsa na gan su. Farin kambas ɗin Yaya, ƙafa biyu a manne da juna, dunduniya daidai da dunduniya. An cusa igiyoyin ciki. An naɗe safa an sa a ɗaya, tabaransa kuma a ninke a ɗayan.

Babu wanda ya girma a ƙasar nan da bai san ma'anar wannan ba. Wanda ya yanke shawarar barin duniya yakan tuɓe takalmansa ya jera su tsaf a bakin ruwa, kamar mai shiga gida. Yayana kuwa tun muna yara bai taɓa jera takalmi ba. Umma ta yi faɗan har ta gaji.

Ban yi ihu ba. Na zauna a yashi kusa da dutsen ina kallon takalman, ina jin hayaniyar gaɓar kamar daga cikin rijiya. Abin da ke yawo a kaina shi ne minti goman nan, da yadda zan gaya wa Abba cewa waya nake dubawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Umma ce ta zo nemanmu. Ta ga ni, ta ga dutsen, ta yi wani sauti da ba na so in sake ji, ta durƙushe. Mutane suka fara taruwa. Wata mata ta rufe idon ɗanta, wani ya ce a kira masu ceto.

Sai ga Inna Malsun ta taho daga tsakiyar laimomi, taya uku rataye a kowane hannu, tana ture mutane tana cewa a ba ta hanya. Ta dubi Umma, ta dubi takalman, ta dube ni. Tayoyin suka zube ƙasa.

"Ni ce," in ji ta. "'Yar nan, dube ni. Ni na jera su."

Ban gane ba. Ta tsuguna, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama fuskata da hannu biyu masu kaushi ta maimaita. Ta ce ɗaya a kan dutse ta same shi, ɗayan a kife cikin yashi taku uku daga nan, safa ɗaya tana shirin bin ruwa, tabarau a ƙasa inda kowa zai taka. Tana wucewa ne za ta karɓo tayoyi, hannunta ya yi aikinsa kanta yana wani wuri.

"Ki duba inda hancinsu ke kallo," ta ce. "Mai tafiya ruwa yake sa su kalla. Waɗannan tudu suke kallo. Na mai dawowa ne."

Na duba. Gaskiya ne, bakin takalman gari yake fuskanta, dunduniya tana wajen teku, yadda wanda ya fito daga ruwa zai zura ƙafa ya wuce. Na daɗe ina kallonsu ban ga haka ba.

Umma ta riƙe rigar Inna tana tambaya to yana ina. Inna ta ce ita ta ba shi taya mai lamba goma sha bakwai. Ta gan shi a tsaye shi kaɗai a kan duwatsu, sai ta ce masa tana zargin tayar tana sace iska, ya taimaka ya shiga da ita ya gwada mata, ita tsohuwa ce ba za ta iya ba. Tayar lafiyarta ƙalau. Ya tsaya yana kallonta, can ya fizge takalman ya yar ya shiga. Ta miƙe, ta kare rana da hannu, ta nuna can kusa da igiyar da ke iyakance masu wanka. Duk tayoyin gaɓar rawaya ne, amma nata ta shafa wa kowace jan fenti a gefe. Daga ɗaruruwan nan ta ware ɗaya ba tare da ta nema ba, domin ko tana karɓar kuɗi ko tana caka laima, in ji ta, ba ta yi minti biyu ba ta waiwaye ta ba.

Ban jira ba. Na shiga ruwa da wandona da rigata, da wayar a aljihu, ina ture yara da iyayensu har ruwa ya kai mini ƙirji. Yana kwance a kan tayar, ƙafa da hannu a sake, fuska a sama, baki a buɗe. Barci yake yi. Na kama ƙafarsa na girgiza. Ya buɗe ido yana ƙanƙance su saboda babu tabarau, ya ce, "Ke Sulgi, da kaya kika shigo? Kin haukace ne?"

Na buɗe baki in yi masa masifa, kuka ya riga ni. Da ƙyar na haɗa kalmomin: takalma, dutse, a jere. Ya kalle ni, ruwa yana ɗaga mu yana saukewa. Na zata zai yi dariya. Bai yi ba.

"A ɗakin can na Seoul na yi wannan tunanin," ya ce. "Ba sau ɗaya ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yau barci kawai nake. Rabona da irinsa tun bara."

Na riƙe gefen tayar na ja shi zuwa gaɓa kamar jakar kaya. Bai hana ni ba.

Umma ta tare shi tun ruwa yana idon sawu. Ta ɗaɗa masa tafin hannu a gadon baya sau uku, inda rana ta riga ta gasa, sannan ta rungume shi tana kiran sunansa na yarinta. Mutanen da suka taru suka watse, wasu suna dariya, wasu suna share ido. Mai ceton da aka kira ya zo ya ji bayani, ya dubi Inna, ya girgiza kai ya koma. Baba Gwak ya ce wannan ne karo na biyu, bara ma ta sa wani soja kuka a kan silifas ɗin budurwarsa, kuma idan aka bar ta sai ta jera kifayen teku biyu-biyu. Wannan karon Inna ba ta rama ba. Ta cire hularta, ta sunkuya wa Umma har ƙasa, ta mari bayan hannunta na dama ta ce shi ne mara hankalin, shekara arba'in ta horar da shi, yanzu ba ya jin magana.

Da muka koma ƙarƙashin laima ta kawo mini tawul busasshe da ruwan sha'ir mai sanyi, ta zauna kusa da ni. A hankali, yadda Umma ba za ta ji ba, ta gaya mini cewa sau ɗaya ta taɓa ganin na gaske, a shekararta ta biyu a gaɓar, wani baƙin takalmin ofis a kan dutsen nan, yana kallon ruwa. Mutumin ya wuce ta gabanta ya gaishe ta, ba ta ɗago ba don tana hura taya. Tun daga ranar take karanta ƙafafun da ke zuwa. Ta ce tun da safe ta ga yadda Yaya ke jan nasa a ƙasa kamar ba nasa ba. Na tambaye ta me ya sa ta tura shi cikin ruwa idan haka ne. Ta ce wanda aka ba amanar kayan mutane yakan dawo da su, kuma a cikin igiya akwai idon masu ceto, a kan duwatsu babu. Ban san ko dabarar daidai ce ba. Na dai san ta duba, a lokacin da ni da aka ba aikin nake duba waya.

Yaya ne ya ɗauko takalman da kansa. Na bi shi da ido. Ya fito daga wanke ƙafa a bakin ruwa, ya hau dutsen, ya zura ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya sunkuya ba. Ya zo ya miƙa wa Inna tayar da hannu biyu, ya ce mata ba ta sace iska, ya gwada ta sosai. Ta ce ai ta ji munsharinsa tun daga nan. Ya yi murmushi, ya zauna, ya cinye masara biyu da rabin kankana. Can sai ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Umma, idan mun koma ki dafa mana miyar ganyen teku."

Umma ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta san abin da yake nufi, duk mun sani: babu karo na biyar. Na ga leɓenta yana motsi, na ji tsoron za ta ce shekara huɗu fa, za ta ce ɗan wance sai a na shida ya ci. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Daga baya ta ce da naman sa yake so ko da kifi.

Inna Malsun ta tashi, ta je akwatin da take ajiye kayanta, ta dawo da dogon ɗaurin busasshen ganyen teku a cikin jarida, wanda ta shanya da hannunta da sanyin bara. Umma ta kai hannu jaka, Inna ta daka mata harara, ta ce idan ta ga kuɗi za ta tsige laimar daga kanmu. Ta gaya mata ta jiƙa kaɗan don yana kumbura, ta soya shi da man riɗi tukuna. Kafin mu gama godiya wasu masu yara huɗu sun iso, ta juya gare su tana faɗa a kan inda za su shimfiɗa tabarma, idonta a ƙasa.

Mun sha miyar sau uku zuwa yanzu. Yaya ya yarda ya ga likita, ni na raka shi, na zauna a waje. Da safe yana taya Abba sauke kaya a shago, kuma littattafan suna nan a kwali, ba wanda ya taɓa su. Wayata ba ta sake kunnuwa ba bayan ruwan gishirin, ina amfani da tsohuwar wayar Abba, wadda ba ta saurin kawo saƙo. Ba zan ce komai ya warware ba. Har yanzu ina leƙa ɗakinsa fiye da yadda yake so, har ya fara ce mini 'yar sandan gida.

Jiya da na dawo daga kasuwa na tarar da kambas ɗinsa a ƙofa, ɗaya a kife, ɗayan ya haye kan silifas ɗin Umma, har yanzu da ɗan yashi a ciki. Umma ta sunkuya za ta gyara. Na ce ta bar su haka. Muka tsallake su muka shiga.